Saiwar Gawon Zara'u

Zara'u ta garin Tchaké mai kiwon awaki ce. Tun rasuwar mijinta jajayen awakin nan ne ke riƙe da ita, su kuma gawon da ke tsakanin dangarta da lakwal, makarantar boko, ke riƙe da su, don da rani ƴaƴansa take sharowa ta zuba musu. Ba ta da yawan fara'a, amma ba a taɓa jin ta da kowa ba.

Sai wani mushe, wato malamin lakwal, Abdulaziz, ya zo da wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo mai huji-huji da faffaɗan katako, raga a tsakiya. Matasa suka kamu da son abin, lakwal ta yarda a yi musu fili a gefen gawon. Gardama ta tashi: a daɓe da jar ƙasa ko a zuba beto, wato kankare? Aka kira magini, Lamine, ƙanen Zara'u uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce jar ƙasa damina za ta zaizaye ta, ƙwallon ma ba ta tashi a kanta. Beto za a zuba da ƙarfe a ciki, amma sai an sare saiwoyin da suka ratso wurin, in ba haka ba su tsaga shi.

Zara'u ta iske shi cikin rami da gatari a hannu.

"Lamine, mi kake sara?"

"Yaya, saiwar ɓangaren lakwal ce kawai. Iccen ba zai mutu ba."

"Kai ka shuka shi, da za ka san ranar mutuwarsa?"

"Aiki aka ba ni."

"To, yi aikinka. Amma kada ƙafarka ta ƙara taka gidana."

Beto ya yi sumul, ko tsaga babu. Gawon kuwa, da rani ya zagayo, gefe ɗaya ya yi ganye, ƴaƴan ba su cika ƙwarya ba. Dole Zara'u ta kora rabin awakinta kasuwar Mayahi.

Daga nan duk ƙwallon da ta faɗo gidanta sai ta sa wuƙa ta raba ta biyu, ta jefa musu ta kan danga. Mushe ya kai ƙara wurin mai gari, ta ce ita gidanta ba filin wasa ba ne. Ala tilas suka kewaye wajen da waya mai tsawo.

Da matar Lamine ta haihu, ranar suna aka aiko mata da goro da kwanon shinkafa. Ta karɓi goron albarkacin jaririn, ta mayar da kwanon a rufe.