Filin Kilisar Jatau

A Fagam na tashi, a gidan kakata Inna Tasalla, a shekarun da arzikin mai ya fara leƙo ƙauye, samari suna sayar da dawakin iyayensu suna sayo babur. Idan an gama girbi sanyi ya shigo, da an idar da magariba an ci tuwo, Inna takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya binne gyaɗarsa a toka yana gadi. Ni angonta take ce mini, don haka wurina kusa da gwiwarta yake, ba mai ƙwace mini.

Labarin da muka fi roƙo shi ne na Jatau mai dawaki. Sai ta ja mana rai, ta ce ta manta, mu yi ta magiya. Can sai ta gyara zama.

"To, ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

"Ta shigo, kunnuwanmu a buɗe!" mu amsa baki ɗaya.

Jatau manomi ne a wani gari can gefen Gwaram, gwanin horar da doki. Da rani a fadama shi da samarin garin suke kilisa, saboda wurin a shimfiɗe yake. Amma laka idan ta bushe takan yi tauri ta tsattsage, ga sawun shanu da ya daskare a ciki. Wata rana Jatau ya sako baƙin dokinsa a guje, ƙafar gaba ta faɗa cikin tsaga. Dokin bai ƙara tashi ba. Shi kuwa Jatau aka ɗauko shi a kan ƙyaure, ya warke da ɗingishi.

Da ɗansa Tanko ya tasa, sai goɗiyar gidan ta haifi ɗan dukushi, yaro ya ɗora ransa a kai. Nan uwarsa Kande ta tsaya kai da fata. Inna takan riƙe ƙugu ta kwaikwayi muryarta:

"Malam, na yi jinyar mutum ɗaya, ba zan yi ta biyu ba. Ɗana ba zai hau doki a garin nan ba."

"In na yi masa filin da ke da kanki kika yarda da shi fa?" in ji Jatau.

"Yi mu gani."

Jatau ya bar fadama, ya hau tudu a bayan gari inda ruwa ba ya kwanciya. Ya tumɓuke kututture, ya tsince duwatsu. Ya ari jakuna, aka yi ta jido yashi daga rafi a mangala har ƙafa tana nutsewa. Ya ja ɗan dukushin ya zaga da shi, sai ga shi yana haki, gumi sharkaf, washegari ƙafafunsa suka kumbura. Yashi ya yi zurfi. Kafin ya gama ragewa, ruwan farko ya sauko ya kwashe masa rabin yashin zuwa gonar maƙwabci. Mutanen gari suka yi ta dariya, suna cewa Jatau noman yashi yake yi.

A nan mukan ji haushi, ƙanwata har ƙwalla take yi. Inna ta ce, "Ku dakata mana, ai bai haƙura ba!"

Da rani ya sake zagayowa, Jatau ya haƙo burji ya shimfiɗa a ƙasa. Yana nan yana bugu shi kaɗai da madaɓi, da gurguwar ƙafarsa, Kande ta zo kawo masa fura. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Haka ake daɓe a gidanku?" Washegari sai ga ta da matan unguwa, suna yayyafa ruwa suna daɓe da waƙa, har burjin ya kama. Aka bar tsakiyar da ɗan tudu, aka yanka wa ruwa hanya ta gefe. Sannan aka zuba yashi daidai wanda zai rufe kofato, aka gauraya shi da ƙaiƙayi don ya yi taushi ya riƙe danshi. Daga nan kullum da safe Jatau da Tanko suna filin: su ja reshen ƙaya su baje yashin da ya taru, su tsince tsidau, su cike ramin kurege, su yayyafa ruwa.

Ranar hawa, gari ya taru. An ɗaura sirdi, Tanko ya sa ƙafa a likkafa, sai Kande ta ce, "Dakata. Ban ce na yarda ba."

Ta cire takalmi, ta ɗaure zani tamau, ta zuba a guje cikin filin, ƙafa ba komai!

Wayyo, nan ne daɗin! Inna takan miƙe tsaye, tsohuwa da ita, ta tattare zani ta kewaya wutar da gudu, mu kuma mu bi ta muna ihu, kaji suna kyarkyara a akurki, kawuna yana leƙowa yana cewa, "Inna, za ki faɗi!"

Kande ta je ƙarshen filin ta juyo, ta bi kowace kusurwa. A kusurwar gabas ƙafarta ta burma har idon sawu: kurege ya yi rami a ƙarƙashi, sama kuwa lafiya lau. Jatau ya zo ya durƙusa, ya tone ramin, ya cika shi da burji, ita kuma ta tattake da dugaduganta. Ta miƙe tana haki, ta dubi ɗanta.

"Hau, Allah ya tsare."

Tanko ya saki linzami. Inna ta kama buga cinyarta da tafin hannu, ƙutuɓur ƙutuɓur, muna tayawa. Ya zaga, ya sake zagawa, ya zo gaban uwarsa ya yi zamiya, yashi ya tashi ya zubo mata a kafaɗa. Kande ta rangaɗa guɗa, Inna ma ta rangaɗa tata.

"Labari ya tafi gida, ku ma ku tafi ku wanke hannu," in ji ta.

Muna yara sukuwar muke jira, mukan ƙosa da zancen tsintar ƙaya, ita kuwa a nan take daɗewa. Sai da na girma na haifi nawa, na ga kaina ina duƙawa ina kwashe fasasshiyar kwalba a hanyar da ɗana zai fara koyon tafiya, sannan na tuna wani abu. Mun yi shekaru muna tsere ba takalmi a tsakar gidan nan na Fagam, ga bishiyar aduwa tana zubar da ƙaya a bakin danga, amma ba na tuna ranar da ƙaya ta soki ɗayanmu. Kafin mu farka Inna ta riga ta bi gidan da tsintsiya, bayanta a sunkuye. Ban taɓa ce mata sannu da aiki ba, don a lokacin na ɗauka haka Allah ya yi ƙasar gidanmu.