Akwatin Kiɗan da Inna ta Turara

Wata yarinya 'yar unguwar Miskine ce ta fara jiyar da ni muryar akwatin kiɗan nan. Ita ke yi wa mawaƙan cocinsu kiɗa, ni kuma ina kai wa uwarta atamfa daga shagonmu na titin Koudoukou. Tsohon sintetiza ne, akwatin kiɗa na lantarki mai maɓallai, mai gefen katako, ya girme mu duka. Sai an kunna an bar shi ya yi ɗumi kafin muryarsa ta daidaita. Idan ta danna, sautin a hankali yake tasowa, kamar masu goge da yawa sun ja tare, yana ɗan makyarkyata. Ta ɗaga yatsa ma ba ya tafiya nan da nan, sai ya tsaya kamar baƙon da sallama ta yi wa wuya. Na sha karanta bege a littattafan soyayya, amma a falonsu na ji shi da kunnena.

Da rikici ya raba unguwanni, ita da danginta suka haye kogi. Kwalekwale ba shi da wurin akwati. Ta ce mini da yaren Sango, "Riƙe mini. In na ji muryarsa zan san ko ka tuna da ni."

Inna ta gan ni ina shigowa da shi, ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, kayan coci a ɗakina?"

"Amana ce, Inna."

"To shigo da shi. Kar ka buga min ƙofa, sarkin gaggawa."

Ta kula da shi yadda take kula da tufafinta masu daraja. Kowace Juma'a takan sa kaskon turaren wuta a ƙarƙashinsa, ta lulluɓe da zane don hayaƙi ya shiga ko'ina, kada ɗanshin damina ya sa shi wari. Ni har murna nake, ina hango ranar da mai shi za ta buɗe ƙamshi ya tarbe ta. Wutar lantarki ba ta cika zuwa ba, ban cika kunnawa ba.

Bayan shekaru na lura maɓallan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gyaran rediyo na kasuwar Kokoro ya buɗe cikinsa, ya sunsuna.

"Malam, wannan amarya ce ko na'ura? Hayaƙi ya zama danƙo, ya haɗu da raɓa ya ci ko'ina. Kayan gyaransa ko a Duwala babu."

Bara ta samo lambata ta kira. Ina jin kukan jariri a bayanta. Ta ce, "Kunna mini."

Na kunna, na jira ya yi ɗumi, na kara wayar, na danna da yatsu biyar. Gurnani kawai ya fito.

Ta ce, "Layin ne?"

Na ce layin ne. Ta ce za ta sake kira, ba ta sake ba.

Har yanzu Inna na turara shi ranar Juma'a. Ni nake hura mata garwashin.