Fitilar Iliasu Mai Rijiya

Da an sallame sallar asuba, Iliasu Mai Rijiya ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Gida yake komawa, ya warware igiyarsa, ya bi ta da tafin hannu daga kai har gindi yana neman inda ta ci. Ya goge ƙwan fitila, ya zuba kananzir. Sai ya shiga lungunan unguwar Maamobi yana leƙa murfin rijiyoyi, yana faɗa da masu gida. Koko ma a tsaye yake shansa. Tun muna da baƙin gashi haka yake.

Bana ya ce gwiwa ta ƙi, ya daina shiga rami. Amma akwai maganar da ta daɗe tana bin sunansa, ina so a kashe ta yana da rai.

Shekarar fari, tamanin da uku, famfo ya ƙafe daga unguwar Nima har New Town. Mutane suka koma buɗe tsofaffin rijiyoyin da iyayensu suka rufe da katako. A gidan Baba Musah mahauci, babban ɗansa Nashiru ya ɗaura igiyar shanya a ƙugu, ya sauka kwasar laka. Aka kira, shiru. Ƙanensa Mutala ya bi shi, ko igiyar babu. Shi ma shiru. Haka rijiya ke cin gida: ɗaya ya shiga, mai sonsa ya bi shi.

Iliasu ya iso ya tarar Baba Musah ya tuɓe riga, ƙafa ɗaya a bakin ramin. Ya cafke shi ta baya, ya ce da maƙwabta, "Ku danne shi. In ya kuɓuce, gawa uku za mu wanke."

Ya kunna fitila da rana tsaka, ya zura ta da igiya. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Iskar da ta kashe wutar ita ta kwantar da samarin.

Ya hango Hawa mai wake da shinkafa a bakin ƙofa. "Hawa, kawo lemarki!"

"Lemata? Ana mutuwa kai kana jin rana?"

"Kawo, yaya. Zagin ki ajiye mini sai anjima."

Ya buɗe lemar, ya ɗaura ta kai ƙasa, ya zura, ya fizgo, ya zura, ya fizgo, yana kwaso muguwar iska kamar mai jan guga. Baba Musah na kwance ƙarƙashin ƙarti yana ihu: "Allah ya isa, Iliasu! 'Ya'yana na ciki kana wasa da lema!"

Iliasu ya ajiye lemar. Ya sake zura fitila. Wuta ta tsaya. Sannan ya ɗaura igiya a ƙirji ya sauka. Mutala ya fito da numfashi. Nashiru ya fito babu.

Tun ranar Baba Musah bai ƙara miƙa wa Iliasu hannu ba. Ya ce jinkirin lema ya kashe masa ɗa, wasu kuma suka ɗauki maganar suna yawo da ita. Iliasu bai taɓa kare kansa ba. Matarsa Ƙaltume ta ce har yau in ya ga lema a buɗe sai ya kau da kai.

To ni ina wurin, hannuna na cikin waɗanda suka danne. Iliasu, da ka sauka lokacin da ake maka ihu, da kai ma an wanke ka. Kai ne ka ɗauki tsinuwar uba ka mayar masa da ɗa. Kai ne mai tsoron rami, shi ya sa rami bai ci ka ba. Mun gode. Allah ya hutar da gwiwar nan.

Ku kuma samarin Zango masu faɗawa rijiya da ƙarƙashin kwata da igiyar shanya, ku je ku koya tun yana iya nunawa. Mutala ya je ya koya, yanzu shi ke ɗaura igiyar ya sauka.

Makon jiya aka kira Mutala wata rijiya a Nima. Ya zabura zai fita, tsohonsa Baba Musah ya tare shi a ƙofa da fitila a hannu, ya ce, "Wannan tukuna."

Ashe ka sani, Baba Musah. Saura ka miƙa wa Iliasu hannun. Juma'a sahu ɗaya kuke tsayawa.