Ajin da Na Kai Kasuwar Illela

Ban daɗe da gama koyon malanta ba aka turo ni Illela. A lokacin tsofaffin da suka ga shigar Turawa Sakkwato suna nan da ƙarfinsu, har sukan nuna wa mutum inda suka tsaya ran nan. Gidanmu gidan aikin En'e ne, wato hukumar gargajiya, mahaifina magatakardan alƙali ne, don haka da aka ce ana neman wanda zai riƙe sabuwar elemantare a bakin iyaka, babu wanda ya tambaye ni ko ina so. Aka ɗora akwatin alli da sileti bisa jaki, na bi ayari ta Kware da Gwadabawa.

Mai gari ya sauke ni gidan wani bafatake mai gishiri da goro, mutum mai ƙatuwar murya, wanda in magana ta yi masa daɗi sai ya miƙe tsaye ya ƙarasa ta. Ƙanensa na zaune Kwanni, ƙasar Faransa, kuma tsakanin gidajen biyu jakuna ba su hutawa. Ɗan mai masaukin nawa na fari yana cikin yaran da aka rubuta mini.

Makarantar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, yara na zama bisa yashi. Tsarin karatu kuwa daga sama ya zo, iri ɗaya da na Kano da Zariya: ga lokacin shiga, ga na tashi, ga watan hutu. Hutun ya faɗo ƙarshen shekarar Turawa, lokacin da an riga an kai amfani rumbu. Da ruwa ya sauka, yaran ƙauyukan Amarawa da Darna suka ɓace cikin gonaki. Da rani ya yi, 'ya'yan fatake suka bi jakuna arewa. Ranar kasuwa kam ko wanda ya saba zuwa ba ya zuwa. Sai in buga guntun ƙarfen da muke kira ƙararrawa, in tsaya bakin ƙofa, in taka zuwa rijiya, in dawo in sake bugawa. Na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki littafi sai in ga ido na kan layi, hankali na Sakkwato, ina tunanin abokan karatuna da aka bari cikin birni da azuzuwa cike.

Ana haka masinja ya zo da labari cewa Baturen makaranta zai fito rangadin duba makarantun arewa. Muka share bariki, muka shafe ɗaki da farar ƙasa, mai gari ya sa aka bi gida gida ana tattaro yara. Bai zo ba. Aka ce ruwa ya ci hanya. Aka sake sa lokaci, muka sake shara, shiru. Iyaye suka gaji, suka kwashe 'ya'yansu. Ni kuwa duk ƙurar da ta tashi daga kudu sai in fito bakin hanya in duba.

Wata safiyar kasuwa mai masaukina ya same ni ina kai da kawowa a zaure.

"Malam, ka hana ƙasa hutawa," in ji shi. "In ɗiyan ba su zowa wurinka, mi ya hana kai ka tahi wurinsu? Ga bayan rumhwata nan, akwai inuwa."

Na ce, "Baba, ba haka anka tsara ba."

"To zamna ka karantar da bango."

Ban zauna ba. Na ɗauki allo na bi shi. Da rana ta take, ciniki ya lafa, yara suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani da igiyar jaki a hannu, wani da farin gishiri a gwiwa. Suna rubuta baƙaƙe a ƙasa da yatsa, uba ya ƙwala kira, yaro ya ruga, wani ya zauna gurbinsa. Kasuwa kaɗan aka ci, sai ga waɗanda ko rubuta su ba a yi ba suna leƙe, har da 'yan Kwanni. Ba karatu ne mai tsari ba, na sani, rabinsa surutu ne da kukan jakuna. Amma tun zuwana garin, nan ne na fara jin ni malami ne.

Ranar da Baturen ya iso, babu wanda ya aiko. Ya tarar da makaranta kulle, aka rako shi kasuwa, shi da babban malamin da ke yawon duba malamai, wani dattijo ɗan garinmu da ya san mahaifina. Ina durƙushe ina gyara wa wani yaro harafi na ga kofaton doki kusa da hannuna. Baturen siriri ne, zazzaɓi ya rame shi, Hausarsa irin ta Kano, a hankali, kamar yana karanto ta.

"Malam, wa ya ba ka izinin rufe makarantar gwamnati?"

"Ranka shi daɗe, ba kowa."

Kafin in ƙara, mai masaukina ya miƙe. Babban malami ya yi masa alama da hannu, bai ko duba ba.

"Bature, ni na ce mai shi taho. Kun aza hutu sa'ad da ba mu da aiki, kun aza karatu sa'ad da muka bukatar ɗiyanmu. Mi kuka so mu yi?"

Baturen ya saurare shi har ƙarshe, ya goge wuya da hankici. Ya ce wannan magana ya sha jin ta a kowane gari da ya sauka, kuma ba shi ya tsara ba, ba shi da ikon sakewa shi kaɗai. Sannan ya juyo gare ni ya ce in kwashe allon, gobe in bi su Sakkwato, majalisar da ke kula da makarantu za ta zauna, in faɗi abin da na yi da bakina. Bai ce laifi ba, bai ce ba laifi ba. Mutanen kasuwa dai abin da suka gani shi ne Bature ya tafi da malami.

A Sakkwato na yi kwanaki ina jira a barandar ofis, yau a ce gobe. Garin da na yi wata da watanni ina mafarkinsa, ga ni cikinsa, amma na kasa sakewa. Mahaifiyata ta ce, "Kai, mi ka damunka? Tuwo ma tsaye kaka cin shi." Ina ta tunanin wa ke buga ƙarfen can, da kuma yaron da na bari da harafi rabi.

Da aka kira ni, na tarar da manyan En'e zaune bisa shimfiɗa, Baturen da wani ɗan'uwansa Bature bisa kujera. Na faɗi komai: damina, rani, kasuwa. Wani dattijo ya ce, in kowane malami zai yanka wa kansa lokaci, mi ne amfanin dubawa? Ya ce akwai malaman da ke kulle makaranta su tafi gonarsu, in an tambaya su ce yara ne ba su zo ba. Yaya za a rarrabe ni da su daga nan birni? Gaskiya ya faɗa, na san irinsu. Babban malami ne ya ce, ai ba daga birni za a rarrabe ba, sai an riƙa zuwa ana gani, ba sau ɗaya a shekara ba.

Aka ja mini kunne, aka hana aji a kasuwa. Amma aka yarda a gwada wani abu a makarantun arewa: a rufe ranar kasuwa, a matso da hutu zuwa lokacin noman fari, babban malami ya riƙa faɗowa ba sanarwa, mai gari kuma ya zaɓi wasu iyaye su riƙa leƙa makaranta su ga ko malami na nan. Ban jira ayari ya cika ba, na kama hanya.

Na iske rabin yarana babu. Bayan tafiyata jita-jita ta bazu cewa duk yaron da ya zauna ajin kasuwa za a zo a kwashe shi zuwa kudu. Mai masaukina, duk da ƙarfin bakinsa, ya tsorata, ya tura ɗansa wurin ƙanensa a Kwanni. Sai aka yi rashin sa'a, a makon ne dogaran kumandan, Baturen mulkin Kwanni, ke bi gida gida suna ɗibar yara zuwa lakwal, wato makarantar Faransa, suka haɗa da yaron.

Muka ƙetara iyaka ni da mai masaukina. Ƙanen ya ce ya yi roƙo, an ce wanda ya shiga ya shiga. Muka tsaya nesa da ƙofar lakwal, muka hango yaron cikin sahu yana maimaita wasu kalmomi da ni ma ban san su ba. Ya gan mu, ya sunkuyar da kai. Uban ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mu tahi, Malam, rana na yi." Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban ɗora masa ba. Yaron can ya girma, ya zama tafinta, yakan zo gida da salla.

Sauran yaran na bi su gida gida, ni da mai gari, muna rantsuwa cewa ba wanda za a kwashe. Suka dawo da kaɗan kaɗan. Sabon tsarin ya yi amfani, ko da yake 'ya'yan fatake ba su daina bin jakuna da rani ba. Babban malami ya riƙa faɗo mini bagatatan, wani lokaci ya same ni da aji cike, wani lokaci ya zauna ya taya ni jira. Cikin iyayen da aka zaɓa akwai wani makiyayi da ba ya shiga ɗaki, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Malam na nan," ya wuce.

Da shekara ta kewayo aka mai da Baturen gida jinya, wani ya canje shi. Wannan kuma da nasa tsarin ya zo: kowace makaranta ta yi lambu, yara su koyi shuka kayan miya. A Illela, inda sai an haɗa igiya da igiya guga ke taɓa ruwa. Na karanta takardar, na naɗe ta, na ari fartanya a gidan mai gari, na fita neman inda ƙasa ke da ɗan laima.