Faɗin Makara

Lokacin da ake haƙa magudanan ruwan Bakolori, ni ne tafinta a wani ofishin awo a Talata Mafara. Ban daɗe da gama jami'a ba, kuma ina jin babu ma'aikacin da ya kai ni tsoron kuskure. Takarda ɗaya sai in karanta ta sau uku kafin in sa hannu, in koma gida ina zullumin ko akwai layin da na tsallake.

Shugabana Baturen Ingila ne, dogo, mai son labarin ƙasarsu. Ba zan ce mugu ba ne. Ban taɓa ganin ya wulaƙanta kowa ba. Idan muna cikin mota zuwa Bakura, sai ya yi ta ba ni labarin dokokinsu: ranar kwashe shara, yadda ake kai kukan unguwa majalisar gari, har da lasin kare. Wadda ya fi alfahari da ita kuwa ita ce dokar hanyar ƙafa. Ya ce a can, idan mutane sun daɗe suna bin wata hanya, ko ta tsakiyar gonar attajiri ta ratsa, mai gonar ba shi da ikon toshe ta. Ban san iyakar gaskiyar maganar ba, don ban taɓa zuwa ba. Na dai riƙe ta.

Ƙauyen mahaifiyata yana kusa da Dakko. Babbar magudana ta zo ta bi tsakanin gidaje da maƙabarta, ta yanke 'yar hanyar da ake bi da mamaci tun kaka da kakanni. Hanyar ba ta cikin taswirarmu. Kamar yadda na fahimta, daga hoton jirgin sama aka zana taswirar, kuma da damina aka ɗauki hoton, gero ya rufe komai. Gadar da aka tsara tana can kan hanyar mota, nesa ƙwarai ga masu ɗauke da gawa a kafaɗa.

Wata safiya kawuna, wan mahaifiyata, ya zo ofis. Muka gaisa, ya tambayi aiki da gajiya da mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gyara zama.

"Ɗana, an ce kai ka hwaɗa ma Nasara abin da mutane sunka ce."

"Fassara kawai nake yi, Kawu."

"To hwassara mai wanga. In na mutu, iyo za a yi da ni?"

"Allah ya ja kwana, Kawu."

"Ya ja, ai ya ja. Ranad da kwanan ya ƙare nika tambaya."

Abin da Kawu bai sani ba, a aljihun teburina akwai takarda mai cewa an tuntuɓi mutanen wurin, kuma babu wata hanya da magudanar ta yanke. Sa hannuna take jira, a matsayin tafinta. Kwana uku ina buɗe aljihun ina rufewa. Na gaya wa kaina wataƙila hanyar mota ake nufi. Na gaya wa kaina sabon ma'aikaci ba ya ƙin sa hannu ya kwana a kujerarsa. A rana ta huɗu na ɗauki takardar na shiga wurin Bature.

"Yallaɓai, mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba, amma ba zan iya sa hannu a nan ba. Akwai hanya."

"Ba ta cikin taswira."

"Irin ta ƙasarku da kake ba ni labari, taswira ce ta yi ta ko ƙafa?"

Ya sake duba taswirar. Daga baya ya ce to, za a gitta katako mai ɗaukar mutum ɗaya, magana ta ƙare. Na yi godiya, har na kai bakin ƙofa. Sai na tsaya. Na ce makara mutum huɗu ke ɗaukarta, biyu gaba biyu baya, kafaɗa da kafaɗa. Katako ba zai yi ba. Ya ce ina zuzuta abu. Na ce ya zo gobe da tef ɗinsa na awo. Har yau ban san inda na samo wannan bakin ba.

Washegari, da izinin liman, muka ɗauko makara daga masallaci, babu kowa a cikinta, muka nufi bakin magudana. Mata suka fara salati daga cikin gidaje, sai da aka bi ana gaya musu ba rasuwa aka yi ba. Bature ya iso ya tarar da rabin ƙauyen. Maza huɗu suka saɓa makarar suka tsaya. Na karɓi tef ɗin, na auna daga kafaɗar wancan zuwa ta wannan, na karanta masa lambar da ƙarfi.

Kawu ya ce, "Ɗana, tambai shi ko in hau, shi ga nauyi."

Na fassara, kalma da kalma, kamar yadda aikina ya ce. Bature bai yi dariya ba. Ya rubuta lambar a littafinsa, muka shiga mota. Har Mafara babu labarin dokokin Ingila.

Ba a jima ba aka mayar da ni wajen Maradun, aikin duba ma'aunin ruwa safe da yamma. Ko shi ya sa aka yi haka, ko wani na sama da shi, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Takardar dai ban sa mata hannu ba, kuma ko yau aka kawo mini ita ba zan sa ba.

An zuba gadar, ta kankare, babu makari a gefe, faɗinta daidai lambar nan, ko taƙi ɗaya ba a ƙara ba. Kawu ya rasu bayan wasu shekaru, da rani, magudanar cike da ruwa. Ni na ɗauki gaban makara ta dama. Da muka hau gadar, gefen takalmina yana leƙen ruwa, kafaɗata tana gugar ta ɗan Kawu. Muka haye da Kawu ta hanyar da aka bi da mahaifinsa.