Uwayen Kifin Pribik

Surukina Pribik ya yi shekara arba'in da ɗaya yana kiwon kifi a tafkin garinmu, a kudancin Bohemiya, kuma bai taɓa ganin sarki da idonsa ba. Amma duk auren da sarki ya yi, a gadon bayan Pribik ya sauka. Sau huɗu ke nan. Sarauniya ta rasu, a yi makoki, a samo wata daga wata ƙasa, sai manzo ya taso daga Praha, birnin sarki: a kai kifin biki.

Tafkin na ubangidan garin ne, mu kiwo kawai muke yi. Shekara uku kifi yake yi kafin ya isa ci, kuma sai da kaka ake zare toshiyar katako ruwa ya janye. Ranar kamu, kafin a taɓa komai, ana fara tsamo uwaye, wato manyan matan kifin da ke zuba ƙwai, a sa su a baho daban. Ba a cin su, ba a sayarwa. Pribik ya san kowace da tabon jikinta.

Auren farko ya zo daidai da kaka, ba a yi asara ba. Na biyu ya riga lokaci da shekara guda, aka kwashe kifi ƙanana. A na uku ne wakilin fada ya leƙa baho, ya ce ai waɗannan ne suka dace da teburin sarki. Goma sha huɗu ya ɗauka, ya bar biyu. Shekara tara Pribik ya yi yana tayar da tafkin daga biyun nan. A tsakanin ne na auri 'yarsa Betka, na shiga aikin. Ni na kawo ƙirga kifi da tsaga a jikin sanda. Shi da ido yake nasa, kuma abin haushi, bai cika kuskure ba.

Labarin aure na huɗu ya iso bayan ƙanƙara ta narke, kifi na dab da zuba ƙwai. Uwaye tara gare mu.

"Shi wannan bawan Allah ba ya gajiya ne?" in ji Betka. "Mata uku fa ya binne."

"Shi ai a zaune yake yin nasa," Pribik ya ce. "Gajiyar, mu ake aiko wa."

Ni kuwa na riga na gama lissafina. Na ce, "Baba, mu miƙa su da hannunmu kafin a tambaya. Wakili zai riƙe sunanmu. Wataƙila ma a ƙara mana tafki na biyu."

"Ka zuba me a ciki, Vavra? Sunan naka?"



Ranar zuwan wakili, tun da hantsi Pribik ya watsa jiƙaƙƙen sha'ir a lungun da ya saba wa uwayen, ya tare su da taru. Ya ce mini, "Bakin nan naka da ba ya mutuwa, yau ranarsa ce. Tsaya a toshiya, ka zare ta a hankali, ka riƙe min mutumin nan. In ba a gan ka ba, za a neme ka. Tsoho da kwandon ciyawa kuwa, babu mai kallonsa."

Akwai wani ramin marmaro a kurmin da ke saman tudu. Can ya dinga kai su, ɗaya bayan ɗaya, kowace a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, don nauyin kowace ya kai na yaron da aka yaye. Daga baya na auna hanyar: taku dubu ɗaya da ɗari da arba'in, kusan duk hawa. Sawu tara, yana da shekara sittin da uku.

Betka ta cika mutanen wakili da burodi da giya. Ni na ƙirga kifi cikin ganguna da babbar murya, na ce lissafi ya ɓace mini, na sake daga farko. Sau uku. Ɗari shida da goma sha biyu, ganga ashirin da uku.

"Kai, mai lissafi," wakili ya ce, "ina manyan?"

"Ranka ya daɗe, waɗanda aka kai wancan auren har yanzu ba su dawo ba."

Ya dube ni, ya dubi rana, ya sa aka ɗaure ganguna.

Da yamma na tarar da Pribik kwance a gefen ramin, ya kasa miƙewa. Bakwai na motsi a ruwa, biyu sun mutu a hanya.

"Nawa?" ya tambaya.

"Bakwai, Baba."

"To, sun fi biyu. Ɗauke ni."

Bayansa bai sake miƙewa ba. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yana zaune a bakin tafki yana gyara min ƙirga. A kamun da ya gani na ƙarshe mun tsamo dubu biyu da ɗari uku, duk 'ya'yan bakwai ɗin nan.

Sarkin ya rasu bara. An ce ana nema wa sabon sarkin mata. Na riga na faɗaɗa ramin, na kuma samo hanya ta bayan coci, taku ɗari tara da sittin. Gwiwata ta hagu ce dai ban sani ba ko za ta kai sawu na biyar.