Ƙafafun Habboba

Bara, lokacin yankan riɗi, maza duk sun tafi gonakin Simsim, gidanmu na Gadarif ya rage sai mata: ni, Inna, da kakata da muke kira Habboba. A makon ne Habboba ta ce tana son hoto.

Tana da yaya a Madina, wadda ta tafi aikin hajji tun ba a haifi Inna ba, ta yi zamanta can. Da damina Habboba ta zame a laka kusa da randa, ta bugu a gwiwa, ta yi wata guda a kwance. Kafin labarin ya isa Madina ya yi ƙiba, aka ce wa yayar wai ƙanwarta ba ta ƙara tashi ba. Sau biyu ana haɗa su a waya, yayar ta ce ai na kwance ma yana magana. Idonta kuma ba ya ganin abin da ke kan waya, sai takarda in ta riƙe ta kusa da fuska. Maƙwabciyarmu za ta tafi umra ranar Alhamis, ita za ta kai. Mu kuwa ranar Talata muke.

"Ta ga dai lafiyata ƙalau," in ji Habboba.

Ni aka ba wayar Inna, wai hannuna ba ya rawa. Na ji daɗi ƙwarai, ban nuna ba. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, amma bayan waya babu mai kallona, ni ce ke kallo.

Habboba ta yafa tobinta, dogon mayafi mai ruwan ganye, wanda ke ƙamshin akwati. Ta jingina sandarta, ta tsaya a ƙofar guttiya, ɗakinta na ciyawa mai tsinin kai. Na lura ta ciji leɓe kafin ta saki murmushi. Na ɗauka, ta koma kan gadon igiya tana haki.

Da na duba hoton sai gefensa ya dame ni. Ga bokiti a kife, ga wanki a igiya, ga kaza ta shigo da rabin jikinta. Nan take na ja layin yanka daga kowane ɓangare, har ya rage fuska da kafaɗu, kamar hoton katin makaranta. Ya yi kyau. Wayar ta yi ta kukan ta cika, sai na goge na asalin.

Washegari da aka tashi daga makaranta na hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa kasuwa, wurin wata mata mai wanke hotuna. Ta ɗora shi a kwamfuta, ta ƙura masa ido.

"Wa ya yanke wannan?"

"Ni ce, Yaya." Da ƙyar muryata ta fito.

"Ina na asalin?"

Na dubi ƙasa.

"Ya bitti, 'yata, kin taɓa ganin tela ya sa almakashi bai ga mai rigar ba?" Ta ɗauko takardar hoto ta nuna mini. "Takardata doguwa ce, naki kuwa tsawonsa da faɗinsa ɗaya. In na cika takardar da shi, kunnuwan tsohuwa sun tafi. Ga shi kuma ya karkace, dubi ƙofar bayanta. In na miƙe shi sai ya ci gefe, ke kuwa ba ki bar mini gefe ba. Yanka shi ne na ƙarshe. A miƙe, a gyara haske, a san girman takarda da wanda za a kai wa, sannan a yanke. Wa za a kai wa?"

Na ba ta labarin. Ina cikin faɗa na ji abin da nake faɗa. Fuska da kafaɗu kawai! Ko a kwance aka ɗauki mutum, haka zai fito.

A hanyar gida na yi ta shirya maganar da zan yi, duk ta zube a bakin ƙofa. Na sami Habboba tana daka citta za ta haɗa gahawa. Na miƙa mata wayar kawai. Ta kai ta nesa, ta dawo da ita kusa.

"Ina sauran nawa?"

"Na yanke, Habboba."

"Kin yanke ni?" Ta ɗaga murya. "Ke, fito ki ga aikin 'yarki! Laka ta bar mini ƙafafu, ita ta zo ta kwashe!"

Inna ta leƙo daga wurin murhu tana dariya. Ni kuwa hawaye ya cika mini ido. Habboba ta gani, ta daina.

"To, mene ne abin kuka? Ƙafafun suna nan, ba a kai su kasuwa ba. Ɗauko mini tobin."

Wannan karon na ja da baya sosai, har na taka gindin lemun tsami. Na bar sama, na bar ƙasa, na bar kazar ma ta yi abin da take so. Habboba ta jingina sandar a jikin guttiya, nesa da ita kamar taku ɗaya, don ba ta iya nisa da ita fiye da haka. Na ɗauka sau biyar, ban taɓa ko ɗaya ba.

"Ki cire sandar nan," in ji ta da ta zauna. "Ita kaɗai na yarda ki yanke."

Na koma kasuwa bayan la'asar. Matar ta jawo mini kujera kusa da ita. Ta fara miƙe hoton har ƙofar ta tsaya daidai, na ga yadda kusurwoyin suka ɗan tafi, ba a yi asarar komai ba. Ta ƙara haske a fuskar, ƙananan tsagen kumatun Habboba suka fito. Ta rage shi a bangon da rana ta buga. Sai ta fito da layin yanka mai siffar takardar, ta turo mini linzamin kwamfutar.

"Yanzu lokacinki ya yi."

Bokiti ya fita, wanki ya fita, kaza ta fita. Da na matso da layin don in fitar da sandar, sai na ga ƙasan ma yana hawa, domin siffar takardar ba ta canzawa. In sandar ta fita duka, yatsun ƙafar Habboba sun bi ta. Na gwada ta sama, sai layin ya taɓa mata kai. Na daɗe ina kai da komo. A ƙarshe na bar ƙafafun duka biyu a kan baƙar ƙasar tsakar gidanmu, da silifas ɗinta da ragowar lalle a farce. Siririn jikin sandar ya rage a bakin takardar.

Habboba ta karɓi hoton da hannu biyu. Daga ƙasa ta fara dubawa. Ta daɗe a can kafin ta hau sama, sai yatsanta ya tsaya a gefe.

"Wannan fa?"

"In na cire ta, yatsunki za su tafi."

Ban san na iya ba ta amsa kai tsaye haka ba. Ta sake duban hoton, ta dube ni.

"Bar ta. In ta tambaya, a ce mata muciya ce." Ta miƙa wa Inna. "Sa shi a leda, kada zufar mutane ta taɓa shi a jirgi."